Amyar da aka yi wa zaton maraici: nazarin lamarin mai kiwon zuma da ganinsa na kusa ya raunana

Mutumin da wannan nazari ya shafa yana da shekara 54, kuma ya haura shekara 20 yana kiwon ƙudan zuma a akwatuna masu firam, irin waɗanda ake zaro saƙa ɗaya bayan ɗaya a duba a mayar. Ba sabon shiga ba ne, ba kuma mai sakaci ba ne, domin yana da littafin da yake rubuta ranar da ya buɗe kowace amya, da abin da ya gani a cikinta, da abin da ya yi mata. Ya neme ni ne a kan amya guda daga cikin 12 da yake da su, wadda ya ce ta rasa sarauniya kuma ta ƙi karɓar wata. Sau biyu yana sanya mata sabuwar sarauniya a cikin ɗan keji, sau biyu kuma yana tsintar gawar a bakin ƙofar amyar. Shawarar da yake nema ita ce ko ya haɗe wannan amya da wata, ko kuwa ya sake gwada sarauniya ta uku.

Kafin mu kunna hayaƙi na roƙe shi ya ba ni littafin. A rubutun farko ya ce ya ga rufaffun 'ya'ya da manyan tsutsotsi, amma babu ƙwai, kuma bai ga sarauniya ba. Bayan mako guda ya sake rubuta cewa babu ƙwai, a nan ne ya yanke hukuncin cewa amyar ta zama marainiya, ya kawo sarauniya ta farko. Ranar da na je kuwa mako 5 ke nan cif da rubutun farko, kwana 14 kuma da tsintar gawar sarauniya ta biyu. Abin da ya tsayar da ni shi ne layin ƙarshe, wanda ya rubuta kwana biyu kafin zuwana, inda ya ce har yanzu akwai manyan tsutsotsi a buɗe.

Wannan layi shi kaɗai ya isa ya rushe hukuncin, domin rayuwar ƙudan zuma tana tafiya ne a kan lissafin da ba ya sauyawa sosai. Sarauniya ce take saka ƙwai a amya, kuma ƙwan ma'aikaciya, wato macen ƙudan zuma mai yin aikin amya, yana kwana 3 kafin ya ƙyanƙyashe, tsutsar tana kwana kusan 6 a buɗe ana ciyar da ita, a wajen kwana na 9 a rufe gurbinta da kaki, sannan ta fito cikakkiyar ƙuda a kwana na 21. Saboda haka duk tsutsar da aka gani a buɗe, ƙwanta bai wuce kwana 9 da sakawa ba. Da sarauniyar ta mutu tun mako 5 da suka wuce, da tsutsa ta ƙare a amyar cikin kwana 9, da rufaffun 'ya'yan ma'aikata ma sun ƙare cikin mako 3. Shi ya ɗauka cewa sarauniya ta biyu ce ta ɗan yi ƙwai kafin a kashe ta, to amma lissafi bai ba da wannan ba, tunda a ranar da ya yi wannan rubutu, kwana 12 da tsintar gawarta, duk abin da ta saka ya riga ya shiga ƙarƙashin murfi. Akwai dai mai yin ƙwai a cikin amyar, saura mu san ko wace ce.

Firam na uku da na zaro daga tsakiya sabuwar saƙa ce, fara tas. Na juya wa rana baya, na ɗan kishingiɗar da firam ɗin har haske ya shiga ƙasan guraben, na hura iska a hankali ƙudajen suka matsa. Ƙwai ne a jere, fili kamar faɗin tafin hannu, kowane gurbi da ƙwai ɗaya tak a tsakiyar ƙasansa, wasu a tsaye cak, wasu sun fara jirkicewa. A gefensu ga ƙananan tsutsotsi a lanƙwashe kamar jinjirin wata, kowace tana kwance cikin ɗigon farin abincinta mai ƙyalli. Murafen rufaffun 'ya'yan kuwa a shafe suke, a haɗe da juna, ba su yi tozo ba. Wannan ya kore zaton cewa ma'aikata ne suke yin ƙwai, domin ma'aikaciyar da ta koma yin ƙwai takan zuba da yawa a gurbi ɗaya, sau da yawa a jikin bango saboda cikinta bai kai ƙasan gurbin ba, kuma ƙwanta maza kawai yake fitarwa, masu murfi mai tozo. Na miƙa masa firam ɗin na ce, “Malam, duba nan wajen babban yatsana.” Ya karɓa, ya miƙar da hannuwansa iya tsawonsu, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Wallahi ni fari kawai nake gani.” A firam na biyar muka sami sarauniyar, lafiyayya, ba ta da alamar fenti a bayanta. Amyar da take da sarauniyarta ba ta karɓar baƙuwa. Ma'aikata kan dunƙule a kanta har ta mutu, kuma abin da ya sami guda biyun da ya saka ke nan.

Daga nan lamarin ya tashi daga kan amya ya koma kan ido. Ya kamata a fara da sanin girman abin da ake nema. Ƙwan ƙudan zuma tsawonsa wajen milimita 1.5 ne, kaurinsa kuma bai kai rabin milimita ba. A ranar farko a tsaye yake, don haka mai dubawa daga sama ba tsawonsa yake gani ba, kansa kawai yake gani. Yana zaune a ƙasan gurbin da faɗinsa ya ɗan haura milimita 5, zurfinsa kuma ya haura santimita ɗaya, ga shi guraben ba a miƙe suke sak ba, sun ɗan ɗaga sama da kimanin digiri 9 zuwa 14 don kada zuma ta tsiyaye. Idan saƙar sabuwa ce, to fari ne a kan fari a cikin inuwa. Akwatin firam da Lorenzo Langstroth ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1852 ya ba mai kiwo damar ganin cikin amya ba tare da ya rusa ta ba, amma kuma ya mayar da sana'ar aikin ido, har ta kai manyan hukunce-hukuncenta sun rataya a kan ganin abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Shi kuwa ido, a bayan ƙwayarsa akwai wani ɗan gilashi na halitta mai taushi, wanda yake ƙara kauri idan mutum ya dubi abu na kusa, ya koma siriri idan ya dubi nesa. Da shekaru wannan gilashi yana taurara, sai ikon nan na sauya kauri ya riƙa raguwa. Ana auna ikon da ma'aunin da ake kira dayofta, lissafinsa kuma mai sauƙi ne: a raba santimita 100 da yawan dayoftar, abin da ya fita shi ne tazarar da ido yake iya tsayar da hoto a kanta. Yaro ƙarami yana da fiye da dayofta 10, shi ya sa yake iya kallon abu dab da hancinsa. A wajen shekara 45 abin ya sauka zuwa kusan 4, a shekara 50 kusan 2, a shekara 60 kuma kusan 1. Mai shekara 54 wanda ganinsa na nesa lafiya lau yake, ba zai iya tsayar da hoton abin da yake ƙasa da santimita 50 ko 60 daga idonsa ba. Wannan shi ne dalilin miƙar da hannun da na gani. Idan ya kawo firam kusa hoto ya dushe, idan ya kai shi nesa hoto ya fito amma ƙwan ya yi ƙanƙantar da ba zai rabu da farin kaki ba. Ga kuma batun haske, domin hasken da yake isa bayan idon mai shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda yake isa na mai shekara 20.

Ba cuta ba ce da ta keɓanta da wasu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2019 a kan gani, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.8 ne suke da wannan raunin ganin kusa na shekaru, miliyan 826 daga cikinsu kuma ba su da tabarau ɗin da ya dace da su. Abin da ya yaudari mutuminmu shi ne kyawun ganinsa na nesa. Yana hango ƙudan da ya sauka a kan fure daga can gefen fili, don haka bai taɓa sa idonsa a jerin abubuwan da zai tuhuma ba. Raunin kuma a sannu ya zo masa. Da muka koma baya a littafin, sai na lura cewa kalmar ƙwai ta fara ƙaranci a rubutunsa tun shekara biyu da suka wuce, ya koma rubuta tsutsa da rufaffun 'ya'ya kawai, kuma a sauran amyoyin hakan bai jawo asara ba saboda yakan ci karo da sarauniya mai fenti hankalinsa ya kwanta. Wannan ce kaɗai marar alama, ita ce kuma ta tona matsalar.

Yana da tabarau na karatu mai ƙarfin 1.50 da ya saya shekaru da suka wuce, amma a aljihu yake barinsa lokacin aiki, saboda idan ya sa shi ƙasa takan dushe masa yana ɗauke da akwati mai nauyi, ga gumi yana sulluɓo da shi zuwa kan hanci, kuma mutum ba ya iya tura tabarau sama alhali fuskarsa tana cikin raga. Ya kuma faɗa mini wani abu da ya fi komai tayar mini da hankali, cewa sau biyu ko uku yana ɗage ragar fuskarsa don ya duba saƙa da kyau. A nan ban sassauta masa ba ko kaɗan. Ƙudan zuma idan ya fusata fuska yake nema, numfashi da duhun ido suna jan sa, harbi a fatar ido yana rufe idon da kumburi, harbi a kan ƙwayar ido kuwa lamari ne na gaggawa da yake iya barin tabo na dindindin. Babu ƙwan da ganinsa ya kai wannan kasada.

Gyaran da muka fara da shi bai buƙaci sayen komai ba. Shi a gaban rana yake tsayawa, saboda haka aka jera akwatunan tun farko kuma ya saba da gefe guda. Idan rana tana gaban mutum, haske yana sauka a kan zaren ragar ya haskaka shi, sai ido ya riƙa ganin ragar maimakon abin da yake bayanta, fuskar saƙar da ake dubawa kuma tana cikin inuwa. Da ya zagayo ya sa rana a bayan kafaɗarsa, ya kishingiɗar da firam kaɗan, nan take ya fara rarrabe ƙananan tsutsotsi saboda ƙyallin abincin da suke kwance a ciki, ko da yake ƙwan bai fito masa ba tukuna. Sai muka dubi ragar kanta. Ta tsufa, baƙinta ya koɗe ya koma toka-toka, ƙura da hayaƙi sun toshe rabin ƙofofinta. Ana yin gaban ragar baƙi ne da gangan, domin baƙi yana shanye haske ido ya ratsa ta kamar babu ita, fari ko koɗaɗɗe kuwa warwatsa haske yake yi. Na ba shi tawa ya gwada, ya ce kamar an goge masa taga. Ƙaramar tocila mai farin haske, wadda ake haskawa cikin gurbi daga gefe, ta ƙara taimakawa a ranakun hadari.

Batun tabarau shi ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan ne akasarin masu kiwo suke yin kuskure, saboda suna ɗaukar wanda aka yi don karatu su shiga da shi aikin da ba karatu ba. Na sa ya riƙe firam yadda ya fi masa daɗi, gwiwar hannu a lanƙwashe, muka auna daga ido zuwa saƙa da igiyar awo, muka sami wajen santimita 38. Tabarau mai ƙarfin 2.50 yana tsayar da hoto a santimita 40, mai 3.00 a santimita 33, mai 3.50 kuma a wajen 28. Mutane sukan ɗauka cewa mafi ƙarfi shi ne mafi kyau, alhali ƙarin ƙarfi yana matso da wurin gani kusa kuma yana ƙuntata shi, har ya zama idan hannu ya ɗan motsa hoto ya ɓace, ga firam cike da ƙudaje yana gogar ragar fuska. Da ya gwada 2.50 a ƙarƙashin sabuwar raga, rana a bayansa, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya fara ƙirga ƙwai da baki.

Duk da haka na matsa masa ya je a auna idonsa, kada ya tsaya a kan na gwaji, kuma ya tafi da firam marar ƙudaje ya nuna wa mai awon yadda yake riƙe shi. Dalilina biyu ne. Tabarau na kasuwa ƙarfinsa ɗaya ne a ido biyun, idanun mutum kuwa ba lalle su zama daidai ba, kuma haka aka samu a wurinsa, na hagu ya fi na dama buƙata da rabin dayofta. Dalili na biyu ya fi nauyi: a waɗannan shekaru ne yanar ido da hawan jinin ido da illar ciwon suga ga ido suke fara bayyana, hawan jinin ido kuma yakan ci gefen gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, don haka wanda ya rufe matsalarsa da tabarau na kan tebur yana iya rufe wata babba tare da ita. An duba shi, ba a sami ko ɗaya daga cikinsu ba.

An fara ba shi shawarar tabarau mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na kusa, irin wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Benjamin Franklin, ko kuma wanda ƙarfinsa yake sauyawa a hankali ba tare da layi ba, wanda Bernard Maitenaz ya fito da shi a Faransa a 1959. Dukansu an gina su ne a kan cewa abin kusa yana ƙasa, kamar littafi a kan cinya. Mai kiwon zuma kuwa ɗaga firam yake yi zuwa daidai fuskarsa don haske ya shiga, sai ya zama dole ya ɗaga haɓa ya leƙa ta ƙasan gilashin, ɗaga haɓa kuma yana manna ragar a haɓa da wuya, wurin da ƙuda yake samun fata ya harba. Ya ari irinsa ya gwada, a buɗewa ta biyu ya sha harbi a ƙarƙashin haɓa. Marar layin yana da ƙarin matsala, domin wurin ganin kusa a cikinsa siriri ne, sai mutum ya riƙa bin saƙa da kai maimakon da ido. Abin da ya zauna masa a ƙarshe shi ne siririn tabarau mai rabin gilashi, wanda aka yanka daidai da awon kowane ido, yana dubawa ta cikinsa idan firam yana hannu, ya duba ta samansa idan zai yi tafiya, an kuma ɗaure shi da igiyar roba ta bayan kai, da ƙyallen tare gumi a goshi. Na hana shi karɓar gilashin nan da yake yin duhu da kansa a rana, saboda yana rage hasken da ake nema a daidai lokacin da ake nemansa.

Sauran kayan taimakon gani mun wuce su da sauri. Madubin ƙara girma na hannu yana cinye hannu ɗaya alhali firam yana buƙatar biyu, kuma a rana yana tattara haske wuri guda ya ƙona tsutsa ko ya narkar da kaki, wanda yake narkewa a digiri 62 zuwa 64. Na ɗaurawa a goshi yana da kyau ga aikin zaune, amma a cikin raga ba a iya ɗaga shi ko sauke shi. Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ba ya shiri da hayaƙi. Kyamarar waya ce ta ba ni mamaki da amfaninta, domin yakan ɗauki hoton tsakiyar saƙa, ya mayar da firam, ya koma inuwa ya buɗa hoton da yatsu ya duba a natse. Wannan yana da wata fa'ida da ta wuce ido, tunda ƙudaje suna riƙe ɗumin 'ya'yansu a digiri 34 zuwa 35, kuma mai fama da gani yakan daɗe riƙe da firam a iska da rana fiye da kima, tsutsa tana bushewa, ƙudaje suna ƙara fusata. Ga masu amfani da shimfiɗar saƙa ta roba, baƙa ta fi fara nuna ƙwai nesa ba kusa ba, haka ma tsohuwar saƙa da ta yi duhu.

A ganina dai tabarau rabin gyaran ne. Ɗaya rabin shi ne mutum ya daina rataya babban hukunci a kan ido kaɗai, ko da idonsa garau yake. An ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne, amma rashin gani bai kori komai ba, kuma kuskuren da ya kashe sarauniya biyu shi ne rubuta “babu ƙwai” a inda ya kamata a rubuta “ban ga ƙwai ba”. Akwai gwajin da ya fi ido tabbas: a ɗauko firam mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi daga wata lafiyayyar amya, a kakkaɓe ƙudajensa, a sa a tsakiyar wadda ake zargi. Idan marainiya ce, cikin kwana 3 ko 4 za a tarar sun fara gina ɗakunan sarauniya a kansa, waɗanda suke rataye kamar kan yatsa, ba sa buƙatar kaifin ido. Idan ba su gina ba, to akwai sarauniya a ciki, ko da budurwa ce da ba ta fara ƙwai ba, irin wadda takan ɗauki mako biyu ko fiye bayan fitowarta kafin a ga ƙwanta. Da ya yi wannan gwaji a makon farko, da lamarin ya ƙare a nan.

Haka abin yake ga kaskar nan mai addabar ƙudan zuma, mai suna Varroa, wadda faɗinta wajen milimita 1.6 ne, launinta ja mai duhu. Ya damu cewa ya daɗe bai gan ta ba, na ce masa ko mai ido garau ba ya dogara da gani a nan, domin akasarinta tana cikin rufaffun gurabe ko ta maƙale a ƙarƙashin cikin ƙuda. Hanyar da ake bi ita ce a ɗebi ƙudaje kimanin 300 daga wajen 'ya'ya, a girgiza su cikin garin sukari ko a wanke su da sifirit, a zuba abin da ya faɗo a farin faranti a ƙirga, idan ya kai 2 ko 3 a kowane 100 a ɗauki mataki. Ja a kan fari, a zaune, da tabarau, ba abin da yake ɓuya. Cutar ruɓewar tsutsa ma tana da gwajin hannu: a soka tsinken ashana a gurbin da murfinsa ya lotsa, a jawo a hankali, idan ruɓaɓɓen ya biyo tsinken kamar zare har wajen santimita 2.5, alama ce mai ƙarfi ta mummunan nau'in cutar, sai a rufe amyar a nemi masana.

Mun yi wa sarauniyar alama a ranar. Tsarin da aka saba da shi a duniya launi biyar ne bisa lambar ƙarshen shekara: fari ga 1 da 6, rawaya ga 2 da 7, ja ga 3 da 8, kore ga 4 da 9, shuɗi ga 5 da 0. Na ba shi shawarar ya bar tsarin ya tsaya a kan fari ko rawaya, ya rubuta shekarar a littafi da jikin akwati, saboda gilashin cikin ido yana yin rawaya da shekaru ya dusar da shuɗi, ja da kore kuma suna ɓacewa a bayan ƙuda ga masu makantar launi, waɗanda a tsakanin Turawa sun kai namiji 1 cikin 12.

Wani abu da ba ya cikin littafi amma yana cikin lamarin shi ne nauyin da abin ya yi masa a zuciya. Ya tambaye ni a hankali ko lokacin barin sana'ar ne ya zo. Na ba shi labarin François Huber, mutumin Jeniba ta ƙasar Suwizalan, wanda aka haifa a 1750 ya rasu a 1831, wanda ganinsa ya fara tafiya tun yana ɗan shekara 15 har ya makance. Shi ne ya tsara amya mai firam da ake buɗewa kamar shafukan littafi, ya kuma tabbatar da cewa sarauniya a waje take saduwa da maza, a cikin iska, ba a cikin amya ba. Da idon matarsa da na hadiminsa François Burnens ya yi wannan aiki, shi yana tsara tambaya da gwajin da zai amsa ta, su suna faɗa masa abin da suka gani. Ban kawo labarin don lallashi kawai ba. Mutumin da ya shekara 20 yana buɗe amya ya san ƙarar amyar da take cikin damuwa, ya san warin lafiyayyar saƙa, ya san nauyin firam a hannu, kuma neman ido na biyu sau ɗaya a wata, na ɗa ko na abokin sana'a, bai rage masa komai daga wannan sani ba.

Na koma wurinsa bayan mako 3. Amyar da aka yi wa zaton maraici ta cika har ya ƙara mata hawa. Littafin ya sami sabon layi a kowane shafi, inda yake rubuta ko ya ga ƙwai da idonsa, ko a hoto, ko bai gani ba, tare da yanayin hasken ranar. Ba komai ne ya gyaru ba, domin dubawar yamma har yanzu tana ba shi wahala, ya mayar da ita hantsi, aikin ɗaukar tsutsa 'yar kwana ɗaya don renon sarauniya kuma ya bar wa wani matashi da yake koya a wurinsa. A amya ta bakwai ya tsaya a kan wani ɗan ƙoƙon kaki da yake rataye a gefen ƙasan firam, irin wanda ƙudaje sukan gina su bari fanko, ya juya shi zuwa haske, ya ce akwai ƙwai a ciki. Na karɓa na duba, akwai shi, a tsaye. Ƙwai a ƙoƙon sarauniya yana nufin amyar tana shirin rabuwa, kuma tsohuwar sarauniya takan tashi da kusan rabin ƙudajen a wajen ranar da aka rufe ɗakin, wato kwana 8 ko 9 daga sakawa. Ya ɗauko akwati fanko daga inuwa, muka raba amyar biyu kafin rana ta yi tsaka.